Varget, Vihtavuori ko Albarushin Florida: Wanne Mai Ɗurin Harsashi Zai Dogara da Shi Bayan Ƙamfa?

Wani ƙanenmu, direban babbar mota da ya fara bin mu farautar barewa a dazukan Pensilbaniya shekara biyu da suka wuce, ya same ni a gareji wata Asabar bayan la'asar. Ya sayi injin ɗuri, ya sayi sikeli, ya tara kwanson harsashi fal bokiti. "Yaya," in ji shi, "albarushi kaɗai ya rage. Duk wanda na tambaya sai ya ce mini Varget. In sayi babban galan mai laba 8 in huta?" Na ce masa ya jawo kujera, domin amsar ba ta tsaye ba ce. Abin da na gaya masa ran nan shi nake so in baje a nan, saboda wanda ya shigo wannan sha'awa bayan ƙamfa ta lafa bai ga yadda kantoci suka yi ƙaf ba, kuma zai iya zaɓe kamar kullum kaya na nan.

Ga wanda bai san harkar ba, harsashin zamani abu huɗu ne: kwanso na tagulla, firaima wato ɗan maɓallin gindin kwanso da ke tayar da wuta, albarushi, sai kan harsashin da ke fita ta bakin bindiga. In an harba, kwanso yana nan, ana iya wanke shi a gyara a sake ɗura shi sau da dama. Dokar tarayyar Amurka ta yarda mutum ya yi wa kansa ɗuri a gida, sayar wa wani kuwa sai da lasisi. Ɗan uwan da ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara ya kula ƙwarai: a wurin dokar tarayya albarushi da firaima da kwanso duk sunansu harsashi, kuma an hana mai irin wannan biza mallakarsu sai in ya faɗa cikin 'yan togaciya, kamar mai riƙe da lasisin farauta na wata jiha. Jihohi ma kowace da ƙa'idojinta. A Najeriya kuwa maganar ba ta ma taso ba, Dokar Makamai ta 1959 ba ta bar wa mutum haɗa harsashi a ɗakinsa ba.

Akwai wata magana da ba zan tsallake ba, tunda na san maharba na gida za su iya karanta wannan. Albarushin da muke zance a kai ba shi ne baƙin albarushin da ake ɗura wa adaka ba. Wannan marar hayaƙi ne, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya fito da shi a 1884, kuma matsin da yake tarawa a cikin bututu ya yi wa na baƙin albarushi nisa. Duk wanda ya zuba shi a adaka ko wata bindigar maƙera, bututun zai tsage a hannunsa da fuskarsa. Ko a Amurka, bindigogin ɗuri ta baki da kamfanoni ke ƙerawa da ƙarfe mai inganci suna zuwa da wannan gargaɗi a rubuce.

Ƙamfar 2009, wadda ta biyo zaɓen Obama, labarinta na ji a bakin tsofaffin filin harbi. Ta 2013, bayan kisan gillar makarantar Sandy Hook a Disambar 2012, ta same ni ina sabon shiga. Ta 2020 ce ta fi kowace tsawo da ciwo. Korona ta zo, zanga-zangar kisan George Floyd ta biyo, ga zaɓe a gaba. A shekarar nan hukumar FBI ta yi bincike kan masu neman bindiga har sau kusan miliyan 39.7, ƙungiyar masana'antun bindiga ta NSSF kuma ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 8.4 ne suka sayi bindigarsu ta farko. Kowane ɗayansu yana son harsashi. A tsakiyar wannan ne kamfanin Remington ya durƙushe a watan Yuli, masana'antarsa ta harsashi da ke Lonoke a jihar Arkansas ta yi rauni kafin Vista Outdoor ya saye ta. A Agustan 2021 kuma gwamnati ta rufe ƙofar sababbin izinin shigo da harsashin Rasha mai araha. Duk kamfanin da ke da albarushi da firaima sai ya juya su zuwa harsashin kanti, inda riba take, mai ɗuri a gida ya zama na ƙarshe a layi.

Ana cikin murmurewa sai yaƙin Ukraine ya ɓarke a Fabrairun 2022. A nan ne abin ya canza kama, domin wannan karon ba tsoron masu saye ne ya jawo ba. Ginshiƙin kowane albarushi marar hayaƙi wani sinadari ne da ake kira naitiroselulos, ana yin sa daga ɓawon itace da aka sarrafa ko kuma daga ɗan gajeren gashin da ke manne da angurya bayan an gurje auduga. Angurya dai wadda muka tashi muna ganin ana ba shanu. Ƙasar Sin na cikin manyan masu fitar da wannan gashi, kuma sinadarin nan ɗaya shi ake buƙata wajen cilla harsashin igwa mai milimita 155, wanda Amurka ta ɗaura aniyar ƙera 100,000 a wata. Abin da harbin igwa ɗaya ke lashewa ya ishi maharbin barewa shekaru. A watan Mayun 2024 Vista Outdoor ya sanar da dillalai cewa an dakatar da fitar da gwangwanayen albarushin Alliant na masu ɗuri har sai abin da hali ya yi, ya kuma ce dalili shi ne ƙarancin naitiroselulos a duniya.

To, yanzu in ka shiga shago za ka ga kantoci da kaya, ba kamar 2021 ba. Amma kayan ba iri ɗaya suke dawowa ba, kuma farashin bai koma gidan jiya ba. Laba guda da nake saye ƙasa da dala 30 kafin Korona, yau in na same ta a dala 45 zuwa 60 ba na mamaki. Shi ya sa tambayar da na fara yi wa ƙanen nan ba wanne ya fi suna ba ce. Tambayar ita ce: wannan albarushin a ina ake yin sa, kuma wa kake takara da shi a ƙofar masana'antar?

Sunan da ke jikin gwangwani ba shi ne mai yi ba. Hodgdon, wanda Bruce Hodgdon ya kafa a jihar Kansas a 1947 da sayar da rarar albarushin soja bayan yaƙin duniya na biyu, har yau yawancin aikinsa saye da zubawa a gwangwani ne. Ya sayi IMR a 2003, ya karɓi lasisin albarushin Winchester a 2006, ya haɗiye Accurate da Ramshot a 2020. Sunaye biyar ke nan a hannun kamfani ɗaya, amma masana'antunsu suna nahiyoyi uku. Wannan ne abin amfani ga mai zaɓe.

Mu fara da wanda kowa ke ambata. Varget, H4350, H4895, H1000 da Retumbo, wato jerin da Hodgdon ke kira Extreme, duk daga gari ɗaya suke fitowa, Mulwala a jihar New South Wales ta Ostareliya, a masana'antar da kamfanin Thales ke gudanarwa, wadda kuma ita ce ke yi wa sojan ƙasar albarushi. A can Varget sunansa AR2208, H4350 kuma AR2209. Siffarsu 'yan guntaye ce kamar an yayyanka siririyar taliya. Abin da ya ɗaga su shi ne rashin damuwa da zafi ko sanyi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Mutum yana saita bindigarsa a zafin Yuli ko Agusta, gumi na zuba, sannan ya fita farauta Asabar ɗin da ke bin bikin Thanksgiving a ƙarshen Nuwamba, yatsu sun ƙage don sanyi. Albarushin da ke jin yanayi zai rage gudu a sanyin nan, harsashi ya faɗi ƙasa da inda aka saita. Akasin haka ya fi haɗari: ɗurin da aka gwada a hunturu ya ga lafiya, a kai shi rana mai zafi matsinsa ya haura. Jerin Extreme ya rage wannan matsala sosai, kuma ya yi shekaru yana tabbatar da kansa. Ga shi babu littafin awo na kirki, wato mai faɗin yawan albarushin da za a zuba wa kowane irin harsashi, da ba za ka samu Varget a shafin harsashin .308 Winchester ba, ko H4350 a shafin harsashin 6.5 Creedmoor.

Rauninsa shi ne farin jininsa. Masana'anta ɗaya, a bayan teku, kaya mai haɗari da ba kowane jirgin ruwa ke ɗauka ba, ga masu gasar harbin nesa da ke kwashe galan-galan da zarar ya sauka. A kowace ƙamfa da na gani, Varget da H4350 su ne na farkon ɓacewa. Akwai kuma ɗan ƙaramin aibi na aiki: guntayen ba sa zuba daidai a ma'aunin juyi, wato na'urar da ake juya hannunta ta zubo awon ɗuri ɗaya, wani lokaci ma za ka ji yana datse su, saboda haka mai son daidaito sai ya auna kowane ɗuri a sikeli. Ga maharbin da ke yin harsashi 40 ko 50 a zama ɗaya wannan ba komai ba ne. Ga mai son cika akwati da 500 kuwa, aiki ne.

Wanda na fi ganin ya ci ribar ƙamfar nan shi ne Vihtavuori. Sunan wani ƙauye ne a tsakiyar Finlan, kusa da birnin Jyväskylä, inda ake yin albarushi tun 1922, kuma tun 2014 yana hannun Nammo, kamfanin da ke da Lapua da Berger, masu yin kayan harsashi. Bambancinsa da sauran shi ne mai sunan shi ne mai masana'antar, kuma yana yin naitiroselulos ɗinsa da kansa. Da can mutane na kauce masa saboda tsada. Da sauran suka hau, tazarar ta ragu, kuma a watannin da babu Varget, sau da yawa nakan tarar da N140 zaune a kanta. Haka mutane da dama suka gwada shi dole, suka kuma zauna a kai da son ransu. N140 da N150 suna aiki a inda Varget ke aiki, N555 da aka fito da shi a 2020 an yi shi ne da nufin 6.5 Creedmoor da danginsa, N133 kuma sananne ne wurin masu gasar harbi daga kan teburi. Yana ƙonewa da tsabta, bututu ba ya yin baƙi da wuri, guntayensa gajeru ne suna zuba lafiya. Jerin N100 naitiroselulos ne zalla, jerin N500 kuwa an ƙara masa naitirogilisarin don ƙarin gudu, abin da ke nufin wuta mai zafi, kuma mai yawan harbi zai ga makogwaron bututunsa ya fi saurin ci.

Amma kada a ɗauka Finlan ta fi ƙarfin ƙamfa. Ƙasa ce mai iyaka da Rasha, ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO a 2023, kuma Nammo na cikin manyan masu yi wa Turai harsashin igwa. In Turai ta ƙara matsa wa masana'antunta, ba mai ɗuri a Pensilbaniya za a fara tunawa ba. Ƙari a kan haka, ƙananan shagunan ƙauye ba duka ke ajiye shi ba, kuma wasu littattafan awo na Amurka ba su ba shi shafi da yawa ba. Kamfanin yana da nasa jadawalin kyauta a intanet da manhajar waya, shi nake bi.

Sai albarushin gida, mai ƙwaya-ƙwaya kamar acca. An ƙirƙiro wannan salo a kamfanin Western Cartridge a 1933, yau kuma kusan duk wanda ake yi a Amurka yana fitowa ne daga St. Marks Powder a jihar Florida, mallakar General Dynamics. H335, CFE 223, BL-C(2), H110 da albarusan Winchester duk na can ne. Ramshot TAC da Big Game su ma masu ƙwaya ne, sai dai daga Beljiyam. Wannan iri yana zuba kamar ruwa, ma'aunin juyi yana ba ka awo ɗaya sau bayan sau, saboda haka shi ne abokin injin da ke fitar da harsashi ɗari-ɗari. Yawanci ya ɗan fi araha, ba ya hawa jirgin ruwa in na Florida ne, kuma harajin shigo da kaya da aka ɗora a 2025 bai hau kansa kai tsaye ba. A ganina shi ya fara dawowa kanta bayan 2021. Kada dai a manta masana'antar St. Marks ita ke ciyar da yawancin ƙananan harsasan sojan Amurka, don haka shi ma yana da babban maigida da ake sallama kafin mu.

Tsohon aibinsa shi ne jin yanayi. CFE 223 yana ba da gudu mai kyau, yana kuma da sinadarin rage jan ƙarfen da ke maƙalewa a bututu, amma tsakanin zafi da sanyi yana motsi fiye da Varget. Wasu daga cikin masu ƙwaya kuma suna da nauyin kamawa a tsananin sanyi, shi ya sa littafi kan nemi firaima mai ƙarfi a wasu ɗure-ɗure. A 2019 Winchester ya fito da StaBALL 6.5 don ya toshe wannan ɓaraka, daga baya StaBALL Match da StaBALL HD suka biyo. Na gwada StaBALL 6.5 a bindigata a rani da hunturu da na'urar auna gudu. Ya fi tsofaffin masu ƙwaya natsuwa nesa ba kusa ba. H4350 ya ɗan fi shi tara harsasai wuri ɗaya a allon gwaji, amma a nisan da ake harbin barewa a dajinmu, inda da wuya ka hango abin da ya wuce yadi 150 saboda itatuwa, tazarar ba ta kai a yi zancenta ba. Mai gasar yadi 1,000 zai ce ba haka ba, kuma a fagensa yana da gaskiya.

IMR tsohon hannu ne, ana yin yawancinsa a Valleyfield ta lardin Kebek a Kanada. IMR 4064, 4895 da 4350 sun kashe barewar da ba ta ƙirguwa tun zamanin kakanni, kowane littafi yana da su, guntayensu dai dogaye ne kuma sun fi Extreme jin yanayi. Shooters World kuwa yana kawo albarushin Lovex daga masana'antar Explosia ta Jamhuriyar Cek. Farashinsa da sauƙi, ya ceci mutane a 2021, sai dai awonsa ba ya cikin littattafai da yawa, dole ka dogara da jadawalin kamfanin.

Alliant shi ne mai ban tausayi, domin kayansa na da kyau ƙwarai. Unique da Bullseye sun haura shekara 100 a kasuwa tun suna hannun magabatan kamfanin, Reloder 15 da 16 daga Suwidin suke, Reloder 26 daga Suwizalan, kuma akwai bindigogin da ba su taɓa harbi da kyau da wani abu kamar yadda suke yi da Reloder 16 ba. Amma sanarwar 2024 ta nuna a fili inda mai ɗuri yake a jerin kamfanin da shi kansa ke yin harsashin Federal da CCI da Remington. A ƙarshen shekarar ma aka sayar da wannan ɓangare duka ga kamfanin CSG na Cek. Wanda yake da ɗurin Alliant da ya gwada ya riƙe abinsa, in ya gani ya saya. Sabon shiga kuwa ban ga dalilin da zai sa ya ƙona firaima da kawunan harsashi wajen gwajin albarushin da bai tabbata zai sake samu ba, sai in ya yi watanni yana ganinsa a kanta a kai a kai.

Ga ƙaramar bindiga ta hannu ba sai an tsawaita ba. Laba guda giren 7,000 ce (giren shi ne ɗan ƙaramin ma'aunin nauyin albarushi), wato kusan giram 454, kuma tana yin harsashin 9mm fiye da 1,000. Laba 2 ta Titegroup ko HP-38 ko N320 ta ishi yawancin mutane shekara. Abin kula kawai shi ne awon kaɗan ne a cikin kwanso, ana iya zuba biyu ba a lura ba, kuma wannan kuskure ne mai fasa bindiga. Sabon hannu gara ya zaɓi albarushi mai cika kwanso, wanda in an ninka zai nuna kansa.

Ƙamfa ta koya wa mutane wani abu mai amfani da wani mai haɗari, kuma kusa da juna suke. Mai amfanin shi ne akwai tagwaye na gaskiya, albarushi ɗaya mai suna biyu: H110 da Winchester 296, HP-38 da Winchester 231, H414 da Winchester 760. In babu ɗaya ka ga ɗayan, ka samu. Mai haɗarin shi ne masu kama da tagwaye alhali ba su haɗa komai ba sai lamba. H4350, IMR 4350 da Accurate 4350 uku ne daban, kowane da awonsa. Haka H4895 da IMR 4895, haka H4831 da IMR 4831. Mafi muni, Reloder 7 na doguwar bindiga ne, Accurate No. 7 kuwa na ta hannu, mai saurin ƙonewa, wanda in ya shiga kwanson doguwar bindiga da awon wancan ba a magana. Jadawalin saurin ƙonewa da kamfanoni ke bugawa yana nuna maka maƙwabta ne kurum, ba ya ba ka awo. Duk lokacin da ka canza albarushi, ko da lambar zubi, wato lambar rukunin da masana'anta ta yi a tashi ɗaya, ce ta canza a iri ɗaya, sai ka koma awon farawa na littafi ka hau sannu a hankali kana duba kwanso. Ba a kuma gauraya ragowar gwangwani biyu, ba a buɗe biyu a kan teburi lokaci ɗaya.

Yanzu lissafin kuɗi, wanda shi ya fi ruɗar mutane. Laba guda tana yin kusan harsashi 160 na .308, ko kusan 280 na .223. A ce Varget dala 55 ne, mai ƙwaya kuma 45. A .308 bambancin ya tashi kusan santi 6 a harbi ɗaya. Maharbin da ke harba 100 a shekara, gwaji da farauta, dala 6 ya tsira da ita in ya bi araha. Ba ta kai ya bar albarushin da ba ya jin sanyi ba. Mai zuwa fili kowane mako da .223 kuwa, wanda ke ƙona 5,000 a shekara, laba 18 yake buƙata, ga shi kuma lokacin aunawa ɗaya-ɗaya ba shi da shi. Shi nasa mai ƙwaya ne, ba tantama.

Batun galan mai laba 8 da ƙanen nan ya tambaya, amfaninsa biyu ne: laba ta fi sauƙi, kuma duk zubi ɗaya ne, gwaji ɗaya ya wadatar har ya ƙare. Amma ba a sayen laba 8 ta abin da bindigarka ba ta ɗanɗana ba. Bututu biyu daga kamfani ɗaya ma kowane da abin da yake so. Laba guda tukuna, daga shagon unguwa ko da ya ɗan fi tsada, domin saye ta intanet yana zuwa da kuɗin dakon kaya mai haɗari a kan kowane ƙunshi, wanda a inda nake saye yakan kai dala 20 zuwa 40 ban da kuɗin dako na ainihi, gidan waya kuma ba ya ɗaukar albarushi sam. Oda ta intanet tana da ma'ana ne in babba ce, ko in mutum uku ko huɗu sun haɗa kai. Kuma a yi hattara da shagunan ƙarya. A 2021 wani abokin farautarmu ya ga shafin da ke da komai a ajiye, a farashin da, ya tura kuɗi ta manhajar tura kuɗi tsakanin mutane, har yau shiru. Shagon da ke da duk abin da ba kowa ke da shi ba, kuma ba ya karɓar katin banki sai kirifto ko turawa kai tsaye, ɓarawo ne.

Tara kaya ma yana da iyaka. Ƙa'idar kashe gobara ta NFPA 495, wadda garuruwa da yawa suka ɗauka, ta ce laba 20 a gida cikin gwangwaninsa na asali, in ya wuce haka har zuwa 50 sai a cikin akwatin katako mai kaurin inci 1, firaima kuma kada ya wuce 10,000. Ba a sa albarushi a akwatin ƙarfe mai rufi gam, domin in gobara ta tashi ana so ya ƙone ne, ba ya fashe ba. Wuri mai sanyi, busasshe, nesa da tukunyar ɗumama gida, nesa da hannun yara. In an kula yana yin shekaru da yawa. In ka buɗe ka ji wari mai tsami mai hawa hanci, ko ka ga jar ƙura kamar tsatsa, ya lalace. Ni ban ga kyan mutum ya kwashe kanta don tsoro ba, hakan ne ya tsawaita ƙamfar 2021 a kan kowa. Abin shekara biyu ya isa.

Firaima ma a sa shi a lissafi, domin a 2021 shi ya fi albarushi wuyar samu. Kwalin 1,000 da muke saye dala 30 da 'yan kai ya haura 100. Manyan masu yin sa a Amurka huɗu ne, CCI, Federal, Remington da Winchester, kuma uku na farko mai su ɗaya ne. Albarushin da zai tilasta maka neman firaima na musamman ya ƙara maka abin nema na biyu ranar da kasuwa ta sake ƙafewa.

Ƙanen nan bindigarsa .308 ce, barewa yake nema, ba ya harba fiye da 150 a shekara. Na ce masa ya sayi laba guda ta Varget da laba guda ta N140, ɗaya daga Ostareliya ɗaya daga Finlan, ya gwada kowanne daga awon farawa tun yanzu da sauran lokaci, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Ya rubuta komai a littafi: lambar zubi, firaima, kan harsashi, yanayin ranar. Wanda bututunsa ya fi so shi ne na yau da kullum, ɗayan kuma ya zama gwadadde a ajiye. Da .223 yake ƙonawa a fili kowane mako, da na ce masa H335 ko TAC, Florida da Beljiyam. Da 6.5 Creedmoor ce, da H4350 da StaBALL 6.5 ko N555.

Ya yi shiru yana duban gwangwanayen da ke kan kantata, sannan ya ce, "To Yaya, in duka biyun suka yi kyau fa?" Na ce sai ya sayi babban galan na wanda ya fi gani a shago cikin wata uku masu zuwa. Muka sa ranar Asabar ta sama don zuwa fili, zan zo da na'urar auna gudu, shi kuma ya zo da harsasan gwajinsa, kowane rukuni da takardarsa a cikin leda.